Hayaniyar Janareta da Lasifikar Unguwa: Cuta Ce ko Rashin Haƙuri?

Tambaya: Wata malamar makaranta da ke zaune a cikin birnin Kano ta aiko tana cewa maƙwabcinsu yana kunna janareta a bayan tagar ɗakinta tun daga bayan isha'i har kusan asuba. A ƙarshen mako kuma masu DJ sukan kafa lasifikoki a layinsu saboda biki, ga masu tallar magani a mota, ga masu kallon bidiyo a waya da ƙarfi a cikin Adaidaita Sahu. Ta ce takan wayi gari da ciwon kai da ɓacin rai, amma maigidanta yana cewa mita ce ta yi mata yawa, tunda kowa a gidan yana barcinsa. Tana so ta san ko wannan hayaniya za ta iya kurmantar da ita, ko kuwa haƙuri ne ya yi mata ƙaranci.

Amsa: Malama, a matsayina na likitan kunne da hanci da maƙogwaro, abin da zan fara gaya miki shi ne tambayarki ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba su. Akwai ƙarar da ke lalata kunne, akwai kuma ƙarar da ke hana jiki hutawa, kuma sau da yawa ba ƙara ɗaya ba ce. Janaretan maƙwabcinku da wuya ya kurmantar da ke, amma yana iya cutar da ke ta fuskar barci da zuciya, kuma shi kansa maigidan naki da yake barci a cikin wannan ƙara bai tsira kamar yadda yake zato ba.

Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin da ake kira desibel, kuma ma'auni ne da ke yaudarar wanda bai saba da shi ba, domin ba ya hawa kamar yadda kilo ko mita ke hawa. Raɗa tana kusan desibel 30, hira ta yau da kullum tsakanin mutum biyu tana kusan 60. Duk lokacin da aka ƙara desibel 3 kacal, ƙarfin sautin da ke dukan kunne ya ninka sau biyu, idan kuma aka ƙara 10 ya ninka sau goma, ko da yake mai sauraro zai ji kamar ninki biyu ne kawai. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke aiki da ita ita ce kunne yana iya ɗaukar desibel 85 na tsawon sa'a 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage wannan lokaci da rabi. Wato a 88 sa'a 4 ce, a 91 sa'a 2, a 94 sa'a guda, idan kuwa aka kai 100 minti 15 ne kawai. Ba sai kina da na'ura ba kafin ki gane ko an kai wannan iyaka: idan sai kin ɗaga murya kafin wanda ke tsaye kusa da ke, tazarar hannu guda, ya ji abin da kike faɗa, to ƙarar wurin ta kai 85 ko ta wuce.

Dalilin da ya sa lokaci yake da muhimmanci haka yana cikin yadda Allah ya halicci kunne. Sauti yana kaɗa dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa wannan motsi zuwa wani ɗan gurbi mai siffar katantanwa da ke cike da ruwa a can ciki. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi a kansu, kimanin 15,000 a kowane kunne, waɗanda ke mayar da motsin ruwan ya zama saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kwantar da wannan gashi kamar yadda garke ke kwantar da shukar da ke bakin burtali: idan sau ɗaya ne takan miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, idan kuwa kullum ne sai wurin ya zama fili. Tsuntsaye da kifaye suna iya sake tsirar da waɗannan ƙwayoyi idan sun mutu, amma ɗan Adam ba ya iyawa, kuma har yanzu babu maganin sha ko allurar da ke dawo da su. Wannan toshewar kunne da ƙugin da mutum ke ji idan ya dawo daga wurin biki alama ce ta cewa an kwantar da su. Lalacewar kan fara ne daga sautuka masu kaifi, shi ya sa mai wannan matsala yake jin ana magana amma haruffa irin su s da f da sh da ts suna ɓace masa, sai ya riƙa cewa mutane ba sa buɗe baki, ko ya kasa bin hira a wurin taro alhali yana ji sarai idan daga shi sai mutum ɗaya ne.

Waɗanda wannan nau'in cuta ke kawowa asibiti ba yawanci maƙwabtan janareta ba ne. Masu injin markaɗe da injin niƙa ne, da masu walda, da masu yankan katako da tayil, da makanikan janareta da ke wuni da kai a jikin inji, da yaran DJ da ke tsayawa a gaban lasifika. Abin da ya fi damuna a wurin biki shi ne ƙananan yara, domin su ne ke yin rawa a daf da lasifikar, da jariran da ke goye a bayan iyayensu mata, waɗanda ba su da bakin cewa ya isa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa da taro inda ta ce kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, kuma kin ga a lissafin da ya gabata minti nawa kunne ke ɗauka a wannan mataki. Hukumar ta kuma ƙiyasta cewa matasa fiye da biliyan ɗaya a duniya suna cikin haɗarin raunin ji saboda yadda suke sauraren sauti, musamman ta iyafis. Idan kina da ɗa ko 'ya da ke kwana da iyafis a kunne, kunnensa ya fi naki shiga haɗari.

Shi kuwa janaretan da ke bayan tagarki, bari mu yi masa lissafi. Ƙananan janaretocin fetur marasa murfi sukan haura desibel 80 idan mutum yana tsaye a gefensu. A fili, duk lokacin da tazara ta ninka sau biyu ƙara tana raguwa da kusan desibel 6. Idan muka ɗauka yana bayar da 90 a tazarar mita ɗaya, zai koma 84 a mita 2, ya koma 78 a mita 4, sannan bango da tagar da ba a buɗe gaba ɗaya ba su rage kamar 15. Abin da zai iso kan gadonki yana iya zama 60 da 'yan kai. Wannan bai kai ya kashe ƙwayoyin kunne ba, amma daidai yake da a ce wani yana tsaye a kanki yana magana dare farai, alhali shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar tun 1999 ita ce kada ƙarar da ke ɗorewa a ɗakin barci ta wuce desibel 30, kuma kada ƙarar da ke zuwa farat ɗaya ta wuce 45.

Ido yana da fatar da ke rufe shi, kunne ba shi da ita, kuma ƙwaƙwalwa ba ta daina sauraro don mutum ya yi barci. Da haka uwa take jin motsin jaririnta cikin dare. Idan sauti ya shigo, musamman wanda ya sauya ba zato, kamar janaretan da mai ya kusa ƙare masa yana tari, ko wanda aka kashe aka sake ja, jiki yana ɗaukarsa a matsayin gargaɗi: bugun zuciya ya ƙaru, jijiyoyin jini su tsuke, sinadaran fargaba irin su adirenalin da kotisol su hau, barci mai nauyi ya koma mara nauyi. Wannan yana iya faruwa sau da yawa a dare guda ba tare da mutum ya farka ya sani ba, sai dai ya tashi da safe a gajiye, da ciwon kai da saurin fushi, ya ɗora laifin a kan zafi ko sauro. Nazarin da aka yi shekara da shekaru a kan mazauna kusa da manyan tituna da filayen jirgin sama a Turai ya nuna alaƙa tsakanin hayaniyar dare mai ɗorewa da hawan jini da ciwon zuciya. A 2009 reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce daga desibel 55 a wajen gida da dare haɗarin cutar zuciya yana ƙaruwa, a 2011 kuma ya ƙiyasta cewa hayaniyar ababen hawa kaɗai tana cinye aƙalla shekaru miliyan ɗaya na rayuwa cikin ƙoshin lafiya a kowace shekara a yammacin Turai. Waɗannan ƙasashe ne da ba a kwana da janareta a bayan taga.

A nan ne maganar maigidanki take da gyara. Gaskiya ne mutum yakan saba da ƙara har ya daina lura da ita, kuma mutane sun bambanta ƙwarai a wannan, wani yana da nauyin barci, wani motsi kaɗan ke tashinsa, kuma babu wanda ya zaɓa wa kansa. Amma gwaje-gwajen da ake yi a ɗakunan nazarin barci sun nuna cewa sabon da tunani ke yi ya fi wanda zuciya da jijiyoyin jini ke yi, domin mutumin da ya ce ƙara ba ta damunsa ana ganin bugun zuciyarsa yana tashi duk lokacin da ta zo. Bambancinku shi ne ke kina farkawa ki shaida abin da ke faruwa.

Saura abin da ba desibel ke bayyana shi ba, wato dalilin da ya sa bidiyon wani a cikin Adaidaita Sahu ya fi ƙona miki rai fiye da ƙarar injin keken kansa, alhali injin ya fi ƙarfi. A farkon shekarun 1970 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, David Glass da Jerome Singer, sun sa mutane aiki a cikin hayaniya, suka ba wasu daga cikinsu maɓallin da za su iya kashe ƙarar da shi idan sun ga dama. Akasarinsu ba su taɓa maɓallin ba, amma bayan an gama sun fi waɗanda ba a ba su maɓalli ba haƙuri da aiki mai wuya da kuma ƙarancin kuskure. Ƙarar iri ɗaya ce, sanin cewa kana da iko a kanta shi ne ya bambanta. Haka kuma ƙarar da ba a san lokacin zuwanta ba ta fi mai tsari gajiyarwa. Shi ya sa mai janareta yake barci lafiya da nasa, shi ne ya kunna, shi ke shan fankar, shi ya san lokacin da zai kashe. Akwai kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Cornell a 2010 wanda ya nuna cewa jin ɓangare ɗaya na hirar waya ya fi raba hankali fiye da jin mutum biyu suna hira a gabanka, saboda ƙwaƙwalwa tana ta ƙoƙarin cike gurbin da ba ta ji ba. Bidiyoyin TikTok da ke sauyawa kowane 'yan daƙiƙoƙi, daga waƙa zuwa wa'azi zuwa dariya, irin wannan aiki suke sa ta. A ganina akwai kuma abin da ya fi duk wannan ciwo, shi ne saƙon da ƙarar ke ɗauke da shi, cewa wanda ya kunna ta bai ɗauke ki a bakin komai ba.

Tunda ke malama ce, akwai binciken da ya shafi aikinki kai tsaye. A 1975 wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Arline Bronzaft ta duba wata makarantar firamare a birnin New York da ke gefen layin dogo, inda jirgin ƙasa ke wucewa kowane 'yan mintoci har malami ya dakata da magana. Ta tarar cewa 'yan aji shida da ajinsu ke ɓangaren layin dogon sun kasance a baya da kusan shekara guda a karatu idan aka kwatanta su da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren ginin. Da aka sa roba a jikin layin dogon aka kuma gyara silin ɗin azuzuwan, sai bambancin ya ɓace. Duk makarantar da ajinta ke kallon babban titi ko injin markaɗe ya kamata ta yi tunani a kan wannan kafin ta yanke wa ɗalibanta hukuncin daƙiƙanci.

Ba kuma tunaninki ne ke raya miki cewa gari ya fi da hayaniya ba. Ginin ƙasa na da, mai kaurin bango da rufin azara, ga zaure da soraye tsakanin titi da ɗakin kwana, yana shanye sauti ta yadda bulo mai rami da rufin kwano ba sa iyawa. Filaye sun ƙanƙance, gida yana jingine da gida, lungun da ke tsakani ya zama wurin ajiye janareta, kuma bango biyu da ke fuskantar juna suna mayar da ƙarar ta yi ta kai da komo. Lasifika ta yi arha, makaɗin da a da ƙarfin hannunsa ne iyakarsa yanzu an maye gurbinsa da na'urar da ba ta gajiya. Wannan dukan da kike ji a ƙirji idan DJ yana aiki sauti ne mai kauri, wanda ke ratsa bango cikin sauƙi fiye da mai kaifi, don haka rufe taga ba ya hana shi. A watannin bazara kuwa, da ake kwana a tsakar gida ko a bar tagogi a buɗe, ba a ma maganar rufewa.

Game da abin yi, gyara mafi amfani yana wurin janaretan ne. Matsar da shi daga mita 2 zuwa mita 8 yana rage kusan desibel 12, wato kunnenki zai ji ƙarar ta ragu da fiye da rabi, kuma kuɗin wannan bai wuce na ƙarin waya ba. A juya bakin salansa ya daina kallon tagarki, a sauya salansar idan ta fashe, a ɗora injin a kan tsohuwar taya ko katifar roba maimakon siminti, a kuma gina ɗan bangon bulo tsakaninsa da ɗakinki wanda ya fi shi tsayi. Amma ina gargaɗi da babbar murya: kada neman sauƙin ƙara ya sa a shigar da janareta cikin ɗaki, ko zaure, ko shago a rufe, ko a lulluɓe shi ruf. Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid wadda ba ta da wari ko launi, kuma ta sha kashe iyali guda a cikin barcinsu a ƙasar nan. Wannan ma wani dalili ne da za ki gabatar, domin janaretan da ke daf da tagar da ake barci hayaƙinsa yana shiga tare da ƙararsa. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 gidaje da yawa sun koma sola da batir, kuma ko ƙaramin da zai ɗauki fanka da fitila yana iya sa a kashe janareta da sha ɗayan dare.

A naki ɓangaren, ki matsar da gado daga bangon da ke kallon lungun, ki toshe ramukan da ke gefen taga da ƙofa, domin duk inda iska ta bi sauti zai bi. Fanka mai caji tana taimakawa, saboda sautinta mai tafiya bai ɗaya yana lulluɓe hawa da saukar ƙarar waje. Abin toshe kunne na soso da ake sayarwa a manyan kantunan magani yana iya rage desibel 15 zuwa 30 idan an murza shi an sa shi daidai, kuma akasarin mutane suna jin agogo da kukan yaro da shi. Auduga kuwa kusan ba ta rage komai, sai dai ta tura dauɗar kunne ciki. Ban ba ki shawarar maganin barci ba, domin ana sabawa da shi, kuma ba ya hana zuciya amsa ƙarar.

Maganar maƙwabci ta fi kyau ta bi ta hannun maigidanki, da rana, ba a tsakiyar dare cikin fushi ba, kuma ya je da buƙata takamaimai, wato a matsar da injin ko a sa lokacin kashewa, har ma ya yi tayin biyan kuɗin wayar. Sau da yawa mai janareta bai taɓa shiga ɗakin maƙwabcinsa ya ji abin da ake ji ba. Idan abin ya faskara akwai mai unguwa da limami, kuma hujjar addini a nan a fili take, domin ya tabbata a hadisin Muslim cewa wanda maƙwabcinsa bai kuɓuta daga cutarwarsa ba ba zai shiga Aljanna ba. Hatta a sha'anin ibada, Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ji sahabbai suna ɗaga murya da karatu a masallaci sai ya hana su cutar da juna da hakan. A 2021 ma'aikatar harkokin addinin Musulunci ta Saudiyya ta taƙaita lasifikokin wajen masallatai ga kiran salla da iƙama, ta kuma ce kada a wuce kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsu. Idan an yi wa wannan iyaka, ban ga hujjar da mai tallar maganin basir ko mai DJ zai kafa ba. Ta fuskar doka, hukumar NESREA mai sa ido a kan dokokin muhalli a ƙasar nan tana da ƙa'idojin hana hayaniya tun 2009, kuma jihar Legas ta rufe gomman coci-coci da masallatai da otal-otal a 2016 saboda ƙara, amma a yawancin garuruwanmu aiwatarwa tana da rauni, don haka yarjejeniyar mutanen layi a kan lokacin tashi daga biki takan fi takardar ƙorafi saurin aiki.

Ciwon kan da kike tashi da shi bai kamata a ɗora shi duka a kan janareta ba tare da an duba ba. Ki auna hawan jininki, shi ma maigidan ya auna nasa. Idan kina jin ƙugi ko shuu a kunne wanda ya wuce kwana biyu, ko kina yawan cewa a maimaita magana, ko kuma sautuka na yau da kullum irin su ƙarar cokali a kwano suna yi miki zafi a kunne, to ki nemi a yi miki gwajin ji, wanda ba ya ɗaukar lokaci kuma ba ya da zafi. Ana yin sa a sashen kunne na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Ki gaya wa likita duk allurar da aka taɓa yi miki, domin magunguna irin su jentamaisin da kwinin suna iya taɓa ji, musamman idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba. Idan kuwa ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko bayan fashewar taya ko knockout ko ba tare da wani dalili ba, wannan ba abin jira ba ne ko ɗiga man zaitun, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, kuma bayan kamar mako biyu amfaninsa yana raguwa ƙwarai.